Kuɗin Mama a ƙauye, adashen ɓoye, da haƙurin da aka ce ki yi

Tambaya: Baba Fasto, shekararmu shida da aure, yaranmu biyu, muna haya a Badawa, Kano. Maigidana yana aiki a wani kamfani a Sharaɗa, ni kuma ina ɗinki a gida. Wata uku da suka wuce na ga alat a wayarsa, ashe duk wata yana tura wa mahaifiyarsa da ƙaninsa naira 35,000 can ƙauyensu ta wajen Sumaila, ban sani ba, ga mai gidan haya yana mana zarya. Da na yi magana sai ya ce uwarsa ce, ba ruwana. Na kai kuka wurin wata mama a Zumuntar Mata, ta ce in yi haƙuri, mace da biyayya aka san ta. Tun daga nan na shiga adashe ban gaya masa ba. Shin haƙurin da Littafi Mai Tsarki yake nufi shi ne in yi shiru? Kuma adashen nan zunubi ne?

Amsa: 'Yata, sannu da ɗawainiya, Ubangiji ya ƙarfafa ki. Yanzu haka asusu biyu ne a ɓoye a gidanku, nasa da naki, kuma kowannenku yana kwana da nasa a ciki a kan katifa ɗaya. Wannan ya fi tayar mini da hankali fiye da kuɗin haya, domin haya ana biya a wuce wurin, amma gidan da mata da miji suka saba ɓoye wa juna abu yakan daɗe bai dawo daidai ba.

Bari mu fara da haƙurin, tunda shi aka ba ki. Mu Hausawa mun ɗora wa kalmar nan kaya da yawa. Ita ake ba wanda aka yi wa rasuwa, ita ake ba wanda ɗan sahu ya fantsama wa ruwan kwata, ita ake yi wa amarya guzuri da ita daren da za a kai ta ɗaki. Sau da yawa kuma idan babba ya ce wa mace "yi haƙuri", abin da yake nufi shi ne ta rufe bakinta kowa ya huta. Ban ce maman da kika je wurinta mugunta ta yi miki ba. Abin da aka ba ta a zamaninta shi ta miƙo miki, kuma wataƙila da shi ta riƙe nata auren shekara arba'in. Sai dai ba shi ne cikakkiyar koyarwar Littafi ba.

A Sabon Alkawari, wanda da Helenanci aka rubuta shi, kalmomi biyu ne ke wannan fage. Ɗaya hupomone, wato jimiri, tsayawa daram a ƙarƙashin abin da ba ki da ikon sauyawa, kamar ciwo ko tsanani ko tsadar rayuwa. Ɗayar makrotumiya, ita ce haƙurin da ake yi da mutane, kuma asalin ma'anarta doguwar zuciya, wato fushin da yake da nisan tafiya kafin ya iso. Ita ce ke cikin albarkar Ruhu a Galatiyawa 5:22, ita ce kuma farkon abin da aka faɗa game da ƙauna a 1 Korantiyawa 13:4. To buɗe 2 Timoti 4:2 ki gani. Bulus ya ce wa Timoti ya tsawata, ya kwaɓa, ya gargaɗar, kuma ya yi duk wannan da matuƙar haƙuri. Kalmar nan ce dai. Ashe mai haƙuri yana magana. Abin da haƙuri ke gyarawa shi ne yadda za a faɗa, da lokacin da za a faɗa, da sau nawa za a sake faɗa ba tare da an yanke ƙauna daga mutum ba. Allah kansa, wanda babu mai haƙurinsa, bai taɓa zuba wa Isra'ila ido ya yi gum ba, annabi bayan annabi ya riƙa aika musu. Littafin Firistoci 19:17 ma ya hana ka riƙe ɗan'uwanka da ƙiyayya a zuci, ya ce ka fito fili ka faɗa masa laifinsa, kuma aya ta gaba ita ce wadda kowa ya haddace, ka ƙaunaci maƙwabcinka kamar kanka. Shirun da kika yi wata uku, ki duba da kyau, me ya haifar a zuciyarki? Kin fi ƙaunarsa yau, ko kuwa kina ƙirga lomarsa idan yana cin abinci?

Biyayya kuma, gaskiya ne Afisawa 5:22 ta yi magana a kanta, ba zan share ta don in faranta miki ba. Amma aya ta 21 ce ta buɗe zancen, inda aka ce ku yi wa juna biyayya saboda tsoron Almasihu, har a tsofaffin rubuce-rubucen Helenanci aya ta 22 ba ta da aikatau nata, daga ta 21 take aro. Aya uku aka ba mata, daga 25 zuwa 33 kuwa kusan duka a kan miji suke, an ce ya ƙaunaci matarsa yadda Almasihu ya ba da ransa domin ikilisiya. A babi na 4 na wannan wasiƙa an riga an ce kowa ya watsar da ƙarya ya faɗa wa ɗan'uwansa gaskiya, domin mu gaɓoɓin juna ne. Idan haka ne tsakanin membobin da ke haɗuwa ranar Lahadi, ina ga mutum biyu da aka ce sun zama jiki ɗaya?

Yanzu zan tsaya wa maigidanki kaɗan, ki daure ki saurara. Kula da mahaifiyarsa wajibi ne a kansa, kuma ke ma da kin ga ya yi watsi da ita ya kamata ki ji tsoro. 1 Timoti 5:8 ta ce wanda bai kula da danginsa ba, musamman mutanen gidansa, ya musunci bangaskiya. Aya ta 4 ta ambaci gwauruwa mai 'ya'ya, ta ce su fara nuna ibadarsu a gida ta wurin sāka wa iyayensu. A Markus 7 Yesu ya yi wa Farisiyawa kaca-kaca saboda sun koya wa mutane su ce dukiyarsu keɓaɓɓiya ce ga Allah don su kuɓuce wa taimakon uwa da uba. Yana kan gicciye ma sai da ya danƙa mahaifiyarsa a hannun Yahaya. Saboda haka idan kika shiga maganar nan da nufin a daina tura wa Mama kuɗi, kin faɗi tun kafin ki fara, kuma Littafi ba ya bayanki.

Inda ya kauce shi ne cewa da ya yi ba ruwanki. Farawa 2:24 ta ce namiji zai rabu da mahaifinsa da mahaifiyarsa ya manne wa matarsa, su zama jiki ɗaya. Yesu ya maimaita ta a Matiyu 19, Bulus ya maimaita ta a Afisawa 5. Ki lura, namiji aka ce ya rabu, alhali a Isra'ila ta wancan zamani mace ce ke barin gidansu, ɗa kuwa yakan zauna a cikin gandun ubansa kamar yadda ake yi a ƙauyukanmu. Ke nan rabuwar ba ta ƙaura ba ce. Ana nufin daga ranar aure akwai sabon gida da ya zama na farko a shawara da sirri da lissafi. Mama tana da hakkin girmamawa da kulawa har ƙarshen ranta, amma albashin nan da ke shigowa daga Sharaɗa, abincin yaranki ne da rufin kanku, kina da baki a cikinsa.

Me ke sa namiji mai tsoron Allah ya ɓoye irin wannan? Na san amsar domin na taɓa yi. A shekara ta uku da aurenmu, ina ƙaramin mai bishara da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, na riƙa biyan kuɗin makarantar ƙanena ban gaya wa matata ba. Wata Asabar tana wanki ta ciro rasit a aljihun kaftanina, ya jiƙe har tawadar ta fara yaɗuwa. Ba ta tare ni a ƙofa ba. Ta shanya shi ya bushe, da dare bayan yara sun yi barci ta kawo tuwo, ta ajiye rasit ɗin a gefen tire. Na ɗaga ido na kasa kai loma. Abin da ta ce kawai shi ne, "Da ka gaya mini, da ban sayi atamfar Kirsimeti ba." Na shirya wa faɗa, na tanadi amsoshi, amma wannan ban shirya masa ba. A ranar na gane cewa na ɗauke ta a matsayin wadda za ta hana, ban taɓa ba ta damar zama wadda za ta taimaka ba. Wannan zalunci ne, ko da kuɗin a hanyar kirki suka tafi.

Maigidanki mai yiwuwa shi ne ɗan da ya fita ya samu aiki a birni. A ƙauye ana cewa "ai yana Kano", kuma wannan kalma kaɗai bashi ce. Da asuba za a yi masa filashin, ya kira, a ce damina ta kama babu taki, ko maganin hawan jinin Mama ya ƙare. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kuɗin motarsa zuwa aiki da cefanenki da takin ƙauye duk sun tashi tare, albashi kuma bai bi su da gudu ɗaya ba. Yana jin kunyar ce wa uwarsa babu, yana jin kunyar ce miki bai isa ba, yana kuma tsoron 'yan'uwansa su ce ya zama mijin-ta-ce. Sai ya zaɓi hanyar da ba sai ya kalli idon kowa ba, ya danna waya kuɗi su tafi. "Ba ruwanki" ɗin da ya faɗa, sau da yawa muryar wanda aka kama ne yana neman mafaka. Ban wanke shi ba. Ina so ki san da wa za ki zauna.

Sai adashenki. Adashe ba zunubi ba ne, kuma mace ta mallaki kuɗinta ba laifi ba ne. Macen kirki ta Karin Magana 31 tana ɗinka tufafi ta sayar, kamar ke, tana duba gona ta saya, ta dasa inabi da ribar hannunta. Amma aya ta 11 ta ce zuciyar mijinta ta amince da ita. Ki tuna Hananiya da matarsa Safiratu a Ayyukan Manzanni 5, waɗanda suka sayar da gona suka ɓoye wani kaso na kuɗin, suka nuna kamar duka suka kawo wa manzanni. Bitrus ya faɗa wa Hananiya a fili cewa gonar tasa ce kafin ya sayar, kuɗin ma a hannunsa suke bayan ya sayar, babu wanda ya tilasta masa. Ƙaryar ce ta kashe su. Kuɗin ɗinkinki naki ne, amma ranar da maigida ya tambaye ki ko akwai wani abu a hannunki kika ce babu, alhali jiya kika kai zubi, kin shiga layin da ba naki ba. Kuma ki tambayi kanki da gaske, don haya kika shiga, ko don ramuwa? Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Uwar adashe tana da baki, sauran masu zubi suna da mazaje, ranar ɗauka kuma tana tafe. Idan a bakin wani ya ji, duk gaskiyar da kike da ita a kan alat ɗin nan ta zube, domin zai ce ke ma haka kike.

Na sha jin mata suna kafa hujja da Abigail, cewa ai ita ma ba ta gaya wa mijinta Nabal ba. Haka ne, 1 Sama'ila 25 ta ce ta ɗora malmalar gurasa 200 da tumaki biyar gyararru da sauran kaya a kan jakuna ba ta faɗa masa ba. Amma Dawuda na tafe da mutum 400 da takuba, rayukan mazan gidan duka na kan siraɗi. Kuma da ta dawo ta tarar da shi a buge, ta jira gari ya waye giya ta sake shi, ta faɗa masa komai. Ɓoyon nata na dare ɗaya ne. Abin koyi a wurinta shi ne sanin lokacin magana.

Ga yadda nake ba ki shawara ki yi. Matiyu 18:15 ta ce idan ɗan'uwanka ya yi maka laifi, ka je ka same shi ku biyu kaɗai. Kin yi magana sau ɗaya, amma ina zaton da wayarsa a hannunki kika yi ta, rai a ɓace, shi kuma yana kare kansa. Wannan ba ta ƙirgu ba, sake za ki yi. Kada ki tare shi yana shigowa da ƙurar Sharaɗa a jiki, kada ki yi a gaban yara, kada kuma ki yi ranar da mai gidan haya ya zo ya tafi. Ki sami maraicen Lahadi bayan an ci an sha. Ki yi addu'a tukuna, ba don Allah ya karya shi ba, don ya tsare harshenki, domin magana zarar bunu ce. Sannan ki fara da naki. Ki ce, "Baban yara, akwai abin da na ɓoye maka, na shiga adashe wata uku ke nan, ga abin da nake zubawa, ga watan da zan ɗauka. Na yi ne cikin fushi, ka gafarce ni." Na san zai yi miki nauyi, za ki ce ai shi ya fara. Shi ya fara. Amma wanda ya fara ajiye makami shi ke buɗe ƙofa, kuma namijin da aka zo wa da tuba yana da wuya ya ci gaba da zare ido. Bayan nan ki faɗa masa abin da ke ranki ba kwana-kwana: ba ki ƙi a taimaki Mama ba, ɓoyewar ce ta yi miki ciwo, kuma kina so ku riƙa yi tare.

Idan ya saurara, ku ɗauko takarda da biro a daren. Ku rubuta abin da ke shigowa, nasa da naki, ba ragi. Tunda haya a Kano shekara-shekara ake biya, ku raba ta gida goma sha biyu ku san abin da za a cire duk wata, kuma a nan adashenki zai zama albarka, ku roƙi uwar adashe ta sa ɗaukarki ta faɗo watan da haya ke cika. Ku rubuta zakka da baiko, kuɗin makaranta, cefane, wuta, kuɗin mota. Sannan ku ba Mama layinta da sunanta, adadin da gidanku zai iya ɗauka ko da bai kai na da ba. Yesu ya ce mai son gina soro ya fara zama ya yi lissafi, kuma ban ga dalilin da zai sa gidan aure ya fita daga wannan ba. Wani lokaci ma kaya sun fi kuɗi amfani. Sabulu, mai, maganin wata guda da aka saya aka aika da shi ta hannun direban da kuka sani, waɗannan Mama ce za ta mora, ba za su bi ta wani aljihu ba.

Maganar ƙanin kuwa daban take, kuma a nan nake so ku yi taka-tsantsan. Ba ki faɗa mini ko ɗalibi ne ko majinyaci ko kuwa ƙato ne mai lafiya ba. Galatiyawa 6 ta ce ku ɗauki nauyin juna a aya ta 2, sannan a aya ta 5 ta ce kowa zai ɗauki kayansa. Ba saɓani ba ne, kalmomin ma daban suke a asali: na farko nauyin da ya fi ƙarfin mutum ne, na biyu ƙunshin da kowane matafiyi ke rataya wa kansa. Idan yana karatu ko koyon sana'a, ku sa wa taimakon iyaka da ranar ƙarewa. Idan zaune yake yana jiran alat, 2 Tasalonikawa 3:10 ta yi maganinsa, ta ce wanda ya ƙi aiki kada ya ci, kuma ciyar da shi da kuɗin hayar yaranku ba ƙauna ba ce. Maigidanki ne zai faɗa masa, ba ke ba. Haka kuma idan akwai sauran 'yan'uwa, lokaci ya yi da zai kira su a raba ɗawainiyar Mama, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Abu ɗaya da na ga yana aiki a gidaje da dama: ke ki riƙa kiran surukarki idan an tura. "Mama, mun aiko da ɗan saƙo, ya iso?" Kalmar "mun" ɗin nan tana da aiki. Tsohuwar da take zaton matar ɗanta ce ke tare mata arziki za ta fara sa miki albarka da suna, maigidanki kuma zai huta da tsayuwa tsakanin mata biyu da yake ƙauna. Rut ba 'yar cikin Na'omi ba ce, amma matan Baitalami sun ce ta fi mata 'ya'ya maza bakwai.

Idan kuwa ya ƙi, ya sake cewa ba ruwanki, kada ki ɗauka an gama. Ki bar kwana biyu ki sake gwadawa, nan ne haƙurin gaske yake aiki. In ya ci tura, aya ta 16 ta Matiyu 18 ta ba ki izinin ɗaukar mutum ɗaya ko biyu. Ki zaɓi wanda shi yake jin nauyinsa, kamar dattijon da ya tsaya muku ranar aure ko fastonku tare da matarsa, kuma ki sanar da shi kafin ki je, kada ya ji kamar ƙara aka kai shi. Ban da kai maganar gidanku wurin taron zumunta da sunan roƙon addu'a, ban da ƙawaye, ban da danginki tun yanzu, domin ke za ki yafe ki manta, su ba za su manta ba.

Duk abin da na faɗa na faɗa ne a kan cewa mutumin kirki ne da ya yi kuskure. Idan maganar kuɗi tana kai shi ga ɗaga miki hannu ko yi miki barazana, wannan ba fagen haƙuri ba ne, ki ɗauki yara ki je inda kike da tsaro, ki sanar da dattawan ikilisiya a ranar. Kolosiyawa 3:19 ta hana miji ko da tsananta wa matarsa, balle duka. Idan kuma kun zauna da takarda lissafi ya ƙi haɗuwa, akwai ramin da kuɗi ke zurarewa wanda ba ƙauye ba, kamar cacar ƙwallo ta waya da ta cinye samari da magidanta da yawa a garin nan, to wannan wata magana ce da ke buƙatar zama na musamman, kada ki ɗauke ta ke kaɗai.

Ni da matata muna ganin ma'aurata ranar Talata da yamma bayan addu'a. In kun samu kun zauna, ku zo ku biyu, ku taho da takardar da kuka rubuta, ko da rabi kuka kai.